Mieczysław Weinberg: tambayoyi da amsoshi kan makaɗin piyanon da ya bar Warso a ƙafa

Cikin shekara biyu Weinberg ya gudu sau biyu daga sojojin Hitila. Ƙasar da ta buɗe masa ƙofa, Tarayyar Sobiyat, ita ce daga baya ta kashe surukinsa, ta kuma jefa shi kurkuku, amma har ya mutu yana cewa ita ta ceci ransa. Ga tambayoyin da mai son sanin labarinsa yakan yi.

Wane ne Weinberg?

Bayahude ne ɗan ƙasar Polan, makaɗin piyano kuma mai tsara kiɗa. An haife shi a Warso ranar 8 ga Disamba 1919, ya rasu a Mosko ranar 26 ga Fabrairu 1996. Ya bar simfoni 22, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, da kiɗan goge huɗu (wanda makaɗa huɗu ke kaɗawa tare) guda 17, da opera 7, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, da kiɗan finafinai masu yawa. A zamaninsa manyan makaɗan Tarayyar Sobiyat sun san darajarsa, amma a wajen ƙasar kusan babu mai jin sunansa sai bayan ya mutu.

Mene ne bambancin makaɗi da mai tsara kiɗa? Ai wanda ya kaɗa shi ya ƙirƙira.

A wurinmu haka ne galibi: makaɗi ya shirya waƙarsa, ya koya wa yaransa amshi, abin yana kansa da bakinsa. A al'adar kiɗan da Weinberg ya tashi a ciki, ana rubuta kiɗa a takarda da alamomi, kowane sauti da tsawonsa da ƙarfinsa, kowane kayan kiɗa da layinsa. Wanda ya rubuta zai iya mutuwa, bayan shekara ɗari wasu su buɗe takardar su kaɗa abin da ya nufa. Wannan bayanin yana da muhimmanci ga labarinsa, domin ayyukansa da dama sun kwana a aljihun tebur shekaru masu yawa, kuma takardar ce ta sa ba su ɓace ba. Shi ya haɗa biyun: yana rubutawa, yana kuma kaɗa piyano a matakin ƙwararru.

A wane irin gida ya tashi?

Gidan 'yan wasan kwaikwayo. Mahaifinsa Shmuel mai kaɗa gogen Turawa ne, yana kuma jagorantar makaɗa a gidajen wasan Yahudawa masu wasa da harshen Yidish. Asalinsa daga Kishinev ne, babban birnin Moldoba a yau, garin da aka yi wa Yahudawa kisan gilla a 1903 da 1905, kuma danginsu na cikin waɗanda abin ya ci. Saboda haka gudu ba baƙon abu ba ne a gidan tun kafin a haifi yaron.

Yana ɗan kimanin shekara 10 ya fara zama a kan piyano yana taya mahaifinsa aiki a gidan wasa. A 1931 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Warso, inda Józef Turczyński ya koya masa piyano. Kowa ya ɗauka shahararren makaɗi za a samu mai zaga duniya. Mashahurin makaɗin nan Josef Hofmann ya ji kiɗansa, har aka fara maganar ya tafi Filadelfiya a Amurka ya ƙaro karatu. Ya gama makaranta a 1939, shekarar da yaƙi ya ɓarke.

Yaya aka yi ya bar Warso?

Jamus ta afka wa Polan ranar 1 ga Satumba 1939, a yaƙin da tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. A lokacin, kusan mutum ɗaya cikin uku na mazauna Warso Bayahude ne. Weinberg yana aikin dare a wani gidan shaƙatawa, yana kaɗa wa masu rawa. Cikin makon farko na yaƙin rediyo ya yi kira ga mazan da za su iya tafiya su fita daga birnin su nufi gabas. Ya kama hanya da ƙanwarsa Esther.

Nan ne abin da ya bi shi har kabari ya faru. Ba su yi nisa ba takalmi ya fara cin ƙafar Esther, ta kasa ci gaba, ta juya gida wurin iyayensu. Babu wanda zai ga laifinta a ranar, domin gida kowa yake nufa idan ya ji ciwo. Shi ya wuce. Bai sake ganinta ba, bai sake ganin mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba.

Ya yi kwana 17 yana tafiya, jiragen Jamus na sakin wuta kan ayarin masu gudu, mutane na faɗuwa a gefensa. Sa'arsa ɗaya: a tsakiyar watan nan sojojin Sobiyat suka shigo gabashin Polan, bisa yarjejeniyar sirri da Stalin, shugaban Sobiyat, ya ƙulla da Hitila a Agusta, kuma aka bar iyaka a buɗe na ɗan lokaci. Yana da shekara 19.

Me ya sa ake ganin sunansa iri-iri?

A takardun Polan Wajnberg ne, a rubutun Rasha idan an mayar da shi boko yakan fito Vainberg, a yau kuma an fi rubuta Weinberg. Duka furucin ɗaya ne.

Sunan farkon ne ke da labari. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, jami'in da ke rubuta sunaye a iyaka ya tambaye shi sunansa, ya ce Mieczysław. Sunan ya yi wa jami'in nauyi a baki. Ya tambaye shi ko Bayahude ne, ya ce e, sai kawai ya rubuta Moisei, wato Musa. Weinberg bai yi gardama ba. Mutumin da mutuwa ke bayansa ba ya tsayawa musu kan suna. Haka ya zama Moisei a duk takardun hukuma da allunan sanarwar wasa sama da shekara 40, sai a 1982 aka mayar masa da sunansa na yanka. Abokansa kuwa Metek suke ce masa.

Me ya faru da iyayensa da ƙanwarsa?

An kashe su duka uku. Bayanan da suka iso masa bayan shekaru masu yawa sun nuna sun ƙare a sansanin Trawniki, kusa da Lublin, inda 'yan Nazi suka harbe fursunonin Yahudawa a 1943. Cikin Yahudawan Polan sama da miliyan 3, kimanin kashi 90 cikin ɗari ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Babu kabarin da zai ziyarta, sai ya riƙa rubuta sunayensu a saman takardun kiɗansa: simfoni na 13 don tunawa da mahaifiyarsa, wani kiɗan goge tilo don mahaifinsa, kiɗan goge huɗu na 16 don Esther.

To da ya shiga Sobiyat ai hankalinsa ya kwanta?

Tsugune ba ta ƙare ba. An ba shi gurbi a makarantar kiɗa ta Minsk, kyauta, inda Vasily Zolotarev, ɗalibin shahararren mai tsara kiɗan Rasha Rimsky-Korsakov, ya koya masa tsara kiɗa. Nan ya juya daga makaɗi zuwa marubucin kiɗa. An kaɗa aikinsa na kammala karatu ranar 21 ga Yuni 1941. Washegari da asuba Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyat, kuma cikin mako guda Minsk ta faɗa hannunta.

Ya sake gudu, wannan karon a jirgin ƙasa har Tashkent a Uzbekistan, dubban kilomita daga fagen daga, inda aka kwaso masana da 'yan wasa da makaɗa masu yawa. Ya samu aiki a gidan opera na garin. A can ya auri Natalia, 'yar Solomon Mikhoels, babban ɗan wasan Yidish na Mosko kuma ɗaya daga cikin sanannun Yahudawan ƙasar baki ɗaya. Maraya ɗan gudun hijira ya samu dangi. Wannan auren ne kuma ya sa sunansa ya shiga littafin 'yan sandan ciki.

Mece ce alaƙarsa da Shostakovich?

A Tashkent ya rubuta simfoninsa na farko a 1942, ya sadaukar da shi ga sojojin Sobiyat. Takardun suka isa hannun mai tsara kiɗa Dmitri Shostakovich, wanda ya girme shi da shekara 13 kuma ya riga ya yi suna a duniya. Shostakovich ya duba, ya sa baki aka ba shi izinin zama a Mosko a 1943, abin da ba ya samuwa da sauƙi a lokacin yaƙi. Daga nan suka ƙulla amincin da ya kai shekara 32, har rasuwar Shostakovich a 1975.

Duk wanda ya gama sabon aiki sai ya kai wa ɗayan kafin kowa ya ji. Sukan zauna su biyu a kan piyano ɗaya, hannu huɗu, su kaɗa simfonin da aka rubuta wa makaɗa kusan ɗari, don masu hukunci da shugabannin makaɗa su ji yadda zai kasance. Akwai faifan da suka ɗauka haka na simfonin Shostakovich na 10 a 1954, kuma yana nan ana saurare. Har gasar wasa suka yi kan wa zai fi yawan kiɗan goge huɗu. Da Shostakovich ya rubuta na 10 a 1964, ya wuce abokinsa mai 9, sai ya sadaukar masa da shi. Daga baya Weinberg ya kai 17, Shostakovich ya tsaya a 15.

Ana cewa kwaikwayon Shostakovich kawai yake yi. Gaskiya ne?

Shi ya jawo wa kansa rabin wannan magana, domin ya sha cewa yana ɗaukar kansa ɗalibin Shostakovich duk da bai taɓa zama ajinsa ba. Kamanni akwai, ba a musu. Amma ruwan ya gudana ta ɓangare biyu. Karin waƙoƙin Yahudawa ya fito sosai a ayyukan Shostakovich a shekarun da Weinberg ya shigo rayuwarsa, kuma shi Weinberg da wannan kari aka yaye shi a gidan wasan mahaifinsa. Ni a kunnena bambancin yana nan: Shostakovich yana da habaici da cizo, Weinberg kuwa ya fi yawan taushi, kiɗansa yakan ƙare a hankali kamar mai magana da ya rage murya don kada ya tashi mai barci.

Idan Sobiyat ce ta cece shi, me ya kai shi kurkuku?

An gudu daga gara an tarar da zago. A lokacin yaƙi gwamnati ta kafa kwamitin Yahudawa masu yaƙi da 'yan Nazi, ta ɗora Mikhoels a kansa, ta tura shi Amurka a 1943 ya tara wa ƙasar tallafi. Da yaƙi ya ƙare, wannan hulɗa da ƙasashen waje ta zama laifi a idon Stalin. A daren 12 zuwa 13 ga Janairu 1948 jami'an tsaro suka kashe Mikhoels a Minsk, suka jefar da gawarsa a titi don a ce mota ce ta buge shi. Gwamnatin da ta kashe shi ta yi masa jana'iza ta girmamawa.

Wata guda bayan haka jam'iyyar Kwaminis mai mulki ta fitar da sanarwar sukar masu tsara kiɗa da ta ce sun bar abin da talaka zai fahimta sun bi salon Turawan yamma. Shostakovich da Prokofiev na kan gaba a jerin. Aka hana kaɗa wasu ayyukan Weinberg, har da kiɗan goge huɗu na 6. Shekara biyar ana bin sa a baya duk inda ya sa ƙafa. A Agusta 1952 aka harbe mutum 13 masu alaƙa da kwamitin. A Janairu 1953 jaridar Pravda ta sanar da cewa an gano makircin wasu likitoci, mafi yawansu Yahudawa, na kashe shugabanni, kuma ɗaya daga cikin manyan waɗanda aka zarga, Miron Vovsi, ɗan'uwan Mikhoels ne.

A farkon Fabrairu 1953 aka zo aka tafi da Weinberg da tsakar dare, 'yan sa'o'i bayan shahararren mai goge David Oistrakh ya kaɗa wani aikinsa a bainar jama'a. An tuhume shi da kishin Yahudanci da hannu a wani shiri na kafa ƙasar Yahudawa a Kirimiya. Daga baya ya ce shekarun bibiyar sun fi kurkukun muni, har ya ji wani sauƙi da aka kama shi, tunda abin da yake jira ya zo.

Wa ya fito da shi?

Shostakovich ya rubuta wa Lavrenti Beria, ɗaya daga cikin manyan masu iko kan jami'an tsaron Stalin, wasiƙa yana shaidar abokinsa mutumin kirki ne. A wancan zamani rubuta irin wannan wasiƙa kamar sa hannu a ramin maciji ne, balle ga mutumin da shi ma gwamnati ke harara. Shi da matarsa sun kuma amince su riƙe 'yar Weinberg idan aka kama Natalia, don kada a kai yarinyar gidan marayu. Amma abin da ya buɗe ƙofar kurkukun shi ne mutuwar Stalin ranar 5 ga Maris 1953. Aka watsar da shari'ar likitocin, aka saki Weinberg ranar 25 ga Afrilu, bayan kimanin mako 11 a tsare.

Bayan duk wannan, ya tsani ƙasar?

A'a, kuma wannan ne ke ba masu rubuta tarihinsa wahala, domin sun fi son labarin mai fasaha da ya yi tawaye. Weinberg bai yi tawaye ba, bai nemi fita ba, ko da Natalia ta koma Isra'ila a farkon shekarun 1970 bayan aurensu ya mutu. Lissafinsa mai sauƙi ne: da iyakar nan ba ta buɗe ba a 1939, da yana Trawniki tare da iyayensa da ƙanwarsa. Yana ganin sojojin Sobiyat ne suka karya 'yan Nazi, kuma bai ga dalilin ɓoye godiyarsa ba. Bai kuma zama ɗan kanzagin jam'iyya ba. Ya janye jikinsa, ya zauna a ɗaki yana rubutu. Wanda bai taka wannan hanya ta kwana 17 ba, gara ya yi a hankali kafin ya yanke masa hukunci.

Da me yake ciyar da gida a lokacin da aka hana kiɗansa?

Da kiɗan fim, da na wasan dabbobi da 'yan tsalle-tsalle, da na rediyo. Shi ya yi kiɗan fim ɗin Sobiyat na 1957 da ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1958, labarin wata budurwa da yaƙi ya raba ta da saurayinta. Shi ya kuma yi kiɗan katun ɗin Vinni-Pukh na 1969, wanda yaran Rasha ke rerawa har yau, da yawansu ba su san sunan wanda ya tsara shi ba.

Shekarun 1960 ne suka fi masa daɗi. Emil Gilels, Leonid Kogan, Mstislav Rostropovich da Kirill Kondrashin duk sun kaɗa ayyukansa. A Oktoba 1967 shi ne ya zauna a kan piyano a karon farko da aka kaɗa waƙoƙin Shostakovich bakwai kan baitocin Alexander Blok, tare da Oistrakh da Rostropovich da Galina Vishnevskaya. Ba a kiran ƙaramin makaɗi irin wannan zama.

Wane aiki ya fi ɗauka da muhimmanci?

Operar da sunanta ke nufin Fasinja, wadda ya gama a 1968. Tushenta littafin Zofia Posmysz ne, 'yar Polan Kirista da ta tsira daga Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi. A cikin jirgin ruwa mai zuwa Burazil, matar wani jami'in diflomasiyyar Jamus ta hango wata fasinja da ta yi mata kama da fursunar da ta taɓa tsarewa, domin ita matar tsohuwar mai gadin sansanin ce, kuma mijinta bai sani ba. Labarin na kai da komowa tsakanin saman jirgin da sansanin. A wuri mafi nauyi, an umarci wani fursuna mai goge ya kaɗa wa kwamanda kiɗan rawar da ya fi so. Ya tsaya a gabansu ya kaɗa kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗan Jamus, kiɗan da Jamusawa ke alfahari da shi. Suka fasa gogen, suka tafi da shi.

Shostakovich ya yabe ta ƙwarai, an fara shirin nuna ta, sai hukuma ta ja burki. Weinberg ya mutu bai ji ta a dandamali ba. An rera ta a Mosko a 2006 ba tare da wasa ba, sannan aka yi cikakken wasanta a bikin Bregenz a Ostiriya a 2010, shekara 42 bayan rubuta ta. Posmysz na wurin, tana da shekara 86.

Ya taɓa komawa Polan?

Sau ɗaya, a 1966, cikin tawagar Sobiyat zuwa bikin kiɗan zamani na Warso. Unguwannin Yahudawan da ya sani an baje su tun bayan boren da Yahudawan Warso suka yi wa 'yan Nazi a 1943, an gina wasu gidaje a kan tarkacen. Matasan masu tsara kiɗa na Polan kuma sun shiga sabon salo, suna ganin irin nasa tsohon yayi ne. A Mosko ana jin Polanci a harshensa idan yana magana, a Warso kuma baƙo ne daga Mosko. Duk da haka bai saki harshen ba: simfoninsa na 8 gaba ɗaya a kan baitocin mawaƙin Polan Julian Tuwim ya gina shi.

Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance?

Cikin ciwo da mantuwa. Ya daɗe yana fama da ciwon hanji mai tsanani, shekarunsa na ƙarshe a kwance ya yi su, matarsa ta biyu Olga na jinyarsa. An ba shi lambar yabo ta ƙasa a 1990, amma a shekarar da ta biyo baya Tarayyar Sobiyat kanta ta rushe, kuɗin da ake ba makaɗa ya ƙafe, abokansa wasu sun mutu wasu sun fita waje. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa aka yi masa baftisma a cocin Otodoks ta Rasha, lamarin da na kusa da shi suka saɓa a kai.

Daga ina mai son sauraro zai fara?

Yanzu abin ya yi sauƙi, domin ana ta ɗaukar ayyukansa a faifai. Ƙungiyar Danel ta ɗauki kiɗan goge huɗun nan 17 gaba ɗaya, Gidon Kremer ya ɗauki da yawa. Mai sabon kunne ya fara da kiɗan piyano da goge huɗu na 1944, wanda ya rubuta yana ɗan shekara 24, ko kiɗan babban goge da ƙungiyar makaɗa na 1948, mai buɗewa da kari a hankali kamar zuzar jariri.

Sai simfoni na 21, wanda ake kira Kaddish, sunan addu'ar da Yahudawa ke yi wa mamaci. Ya gama shi a 1991 don waɗanda suka mutu a unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawan Warso. Mirga Gražinytė-Tyla ta ɗauke shi da makaɗan Birmingham a faifan da ya fito a 2019. A cikinsa akwai inda komai ke yin tsit, piyano ta shigo da 'yan layuka na Chopin, babban mai tsara kiɗan Polan, irin abin da ɗalibin makarantar Warso zai yi ta maimaitawa yana yaro, ta tsaya ba ta ƙarasa ba. Kusa da ƙarshe muryar mace na rerawa babu kalmomi.

Kiɗan goge huɗu na 16 kuwa a 1981 ya rubuta shi, shekarar da Esther za ta cika 60 da ta rayu.